Ranar da Na Ci Balangu a Gaban Baffanta

Abin da na fara gani lallen yatsunta ne, a kan bangon littafin da na yi kwana tara ina jira. A rumfar mai hayar littattafai ne, cikin kasuwar Kazaure. Na karanta littafi na ɗaya, marubuciyar ta bar jarumin a gadon asibiti ba a san ko zai farfaɗo ba, kullum kuma na zo neman na biyu sai mai rumfar ya ce yana hannun wata. Na riga na tsani wannan 'wata' ɗin tun ban gan ta ba. Sai ga ta da hijabi ruwan toka da silifas na roba, ta ajiye littafin a kan tebur ta ce, "Malam, shafi uku sun ɓace a tsakiya, daidai inda za a faɗi gaskiya. Ku riƙa duba kayanku."

A nan na kamu. Ba ta ko dube ni ba, amma na karanta a wurare da yawa cewa haka ake farawa.

Ni auta ne a gidanmu, a ƙarƙashin filon yayata na yi karatun soyayya. Kafin in gama sakandare na san abubuwan da malamanmu ba su sani ba. Na san namiji na gari yana da mota mai sanyi da ɗan murmushi a gefen baki. Na san mace ta ƙwarai tana suma aƙalla sau biyu kafin a ɗaura aure. Babban abin da na haddace kuwa shi ne duk wata magana mai nauyi a duniya a kan teburin cin abinci ake yanke ta. Jarumi ya ja wa baƙonsa kujera, ya ce a zaɓi abin da rai ke so, kafin a kwashe kwanuka zukata sun yi laushi. A lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Roni, abin hawana babur ne da ba ya tashi sai an roƙe shi da turi, amma ban ga wani bambanci tsakanina da waɗancan jarumai ba in ban da ɗan jinkirin arziki.

Ita kuma tana karatun aikin jinya, tana zaune a gidan gwaggonta a cikin gari. Iyayenta Fulani ne na wata ruga a gaba da Gwiwa, masu kiwo da ɗan noman gero. Wata takwas na yi ina zuwa ƙofar gidan gwaggon, muna musayar littattafai, muna musu a kan wanda ya fi laifi tsakanin jarumi da jaruma. Ita kullum tana bayan mai hankali, ni ina bayan mai kuka.

Wata rana na ce mata ina so in kai ta cin nama a wurin Babarbaren nan na bakin titi. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ni? In zauna a bakin titi ina tauna, motoci suna wucewa? Malam, ka sayo ka kawo, in shiga ɗaki in ci in yi maka addu'a."

Mai hankali da ya ji wannan ya ɗauki darasi. Ni sai na ɗauka kunyar budurwa ce, wadda littafi ya ce tana narkewa da kanta a babi na sha biyu.

Wurin naman nan ba sai an yi wa kowa kwatance ba. Yana kan babban titin da ya ratsa gari ya nufi Daura. Direbobi suna tsayawa ko fasinja sun ƙi, ma'aikata suna baro ofis da sunan zuwa banki, mutanen Damagaram suna ajiye sefa su ɗauki ƙunshi su wuce. Na ji wani ya rantse cewa har daga Kano ake aiko direba takanas, ko da yake ban taɓa ganin direban ba. Mai wurin ƙato ne baƙi, kakanninsa daga gabas suka zo, kowa Babarbare yake ce masa, harshensa kuma ya fi wuƙarsa kaifi. Tsarinsa ɗaya ne. Kana isa tukubar zai yanko maka ɗanɗano a tsinin wuƙa, ka tauna, ka faɗi wanda kake so, sannan ya yi maka tambaya guda: "A ƙunshe ko a faranti?" Tara cikin goma a ƙunshe suke karɓa, cikin takardar siminti, su kai gida a rufe ƙofa. Amma a shekarar ya kafa rumfar kwano a gefe, da tebura huɗu na roba da fanka ɗaya mai kuka, aka zana kaza a bango wadda ta fi kama da ungulu. Ni dai da na ga rumfar nan na san birni ya iso mu. Ga teburin da ake yanke magana, an kawo mini har gida.

Ranar da ta gaya mini baffanta zai zo, ba ta yi dariya ba. Ta ce mahaifinta ba zai sa baki a maganar aurenta ba, don ita ce 'yar fari, ko sunanta ba ya faɗa. Ƙanensa ne zai gan ni, abin da ya ce kuwa shi za a yi.

"In ya ce e, shi ke nan," ta ce. "In bai ce komai ba, shi ke nan ma, amma ɗaya shi ke nan ɗin."

"To me zan tanada?"

"Babu. Ran kasuwa zai shigo gari. Ka same shi nan ƙofar gida bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, in ya tambaye ka ka amsa, ka tashi ka tafi. Iyakar abin ke nan."

Na ce to. Amma a hanyar gida sai abin ya yi mini ƙanƙanta. Soyayyar wata takwas, a yanke mata hukunci a kan gaisuwar minti biyar, a tsugune kusa da kwata? Ban taɓa karanta haka ba. Ban yi shawara da Inna ba, ban yi da Yaya ba, don jarumi ba ya shawara, mamaki yake bayarwa.

Ran kasuwa na sa shaddata mai ruwan sararin samaniya wadda ta sha bugu, na fesa turare har babur ya ɗauki ƙamshi. Na sami Baffa zaune a kan tabarma a inuwar dogon yaro, siririn dattijo fari, da malafa da sanda a kwance a gefensa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata. Ya tambayi mutanen gida da aiki, na amsa. Har ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Da a nan na tashi na kama hanya, da yanzu wani labarin nake bayarwa.

"Baffa," na ce, "akwai inda nake so in kai ku, ba nisa."

Bai tambaye ni ko ina ne ba. Daga baya na ji cewa ya zaci wurin manyan gidanmu zan kai shi su gaisa, har ya ji daɗin hakan a ransa. Ya naɗe tabarma, ya hau bayan babur ya ɗora sanda a cinya. Babur ɗin ma, wanda bai taɓa yi mini alheri ba, ranar bugu ɗaya ya tashi. Ko shi ya so ya ga ƙarshen abin.

Muna tsayawa Babarbare ya ɗago kai daga kan ragar gashi, ya washe baki.

"A'a! Yau bawana ne a gari? Wa ka bar wa shanun, ko sun gaji da kai sun koro ka?"

Ashe sun san juna a kasuwar dabbobi, ga kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Baffa ya sauko a hankali, yana kallon tukuba, yana kallon rumfa, yana neman manyan gidanmu.

"Babarbare," ya ce, "har yanzu kana nan kana ɓarna? Mu yi shekara uku muna kiwo, kai ka lalata cikin yini ɗaya."

"In ba ni ba wa zai raba ku da su? Da sai ku bar su su gaje ku. Wannan ɗan gayun fa? Ɗanka ne? Bai yi kama da wanda ya taɓa taka kashin shanu ba."

A nan na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda har direbobin da ke layi za su ji.

"Surukina ne, in Allah ya yarda. Na kawo shi ne ya ci abinci."

Wuƙar Babarbare ta tsaya a sama. Ya dube ni, ya dubi Baffa. Baffa yana kallon wani abu mai nisa a bayan duwatsun gari, kamar an kira shi daga can. Direba ɗaya ya ce "Ikon Allah" a hankali. Ni na ɗauka duk girman al'amarin ne ya taɓa su.

Ranar Babarbare bai ba kowa ɗanɗano ba, bai kuma yi tambayarsa ta kullum ba. Rabinta kawai ya yi.

"A ƙunshe ko, Malam?"

"A faranti."

"Malam, takarda ba ta ƙare mini ba. Naman nan ya fi daɗi in ya ɗan yi tafiya. In ƙunshe wa dattijo ya riƙe, ya kai wa yara."

"A faranti," na ce, "babba. Balangu, da ƙoda da hanta, a sa haƙarƙari. A yanka albasa da yawa."

Ya yi ajiyar zuciya ya shiga yanka. Ni kuwa na wuce gaba zuwa rumfa, na zaɓi teburin da ya fi kusa da titi don a nan iska take, na kama kujera na ja wa Baffa baya. Sau nawa na ga wannan jan kujerar a rubuce! Baffa ya daɗe a tsaye yana kallon kujerar. Mutumin kirki ne, ba ya son ya kunyata yaro a gaban jama'a, sai ya zauna a bakin-bakinta, ya karkace ya ba tebur kafaɗa. Karkacewar ta sa ya fuskanci titi. Ran kasuwa ne, motocin Gwiwa sun fara lodin komawa, akori-kura ta farko da ta wuce cike take da mutanen yankinsu, suna ɗaga masa hannu suna gaisuwa da Fulatanci. Ya janyo malafa ta rufe masa gira. Ni na zagaya na zauna a kujerar da ke gabansa, kai da kai, da takalmina a ƙafa, na ɗora gwiwar hannu a tebur ina kallonsa cikin ido, don na karanta cewa kallon ido alamar gaskiya ce.

Babarbare da kansa ya kawo naman. Ya rufe farantin da wani faranti, ya ajiye takardar siminti a ninke da baƙar leda a gefe, daidai hannuna. Ya ɗan taka mini ƙafa kafin ya juya. Na ce a raina ƙato ne, ba ya ganin gabansa. Na ture takardar na buɗe faranti.

"Bismilla, Baffa."

"Alhamdu lillahi. A ƙoshe nake."

Wannan na san shi. Ƙin farko ba ƙi ba ne, ado ne.

"Haba Baffa, don ku aka yi. Ku taɓa ko kaɗan ne."

"Mun gode. A ƙoshe nake, yaro."

Na biyu ke nan. A littafi, a na uku ake cin nasara, kuma ba da baki ake yi ba. Na zaɓi yankar da ta fi kowace kyau, ƙoda ce da ɗan kitse manne a jikinta, na soke ta da tsinke, na dangwala yaji, na miƙa hannu ta saman tebur har kusa da gemunsa. A tukuba na ji tari ya sarƙe Babarbare. Baffa ya dubi ƙodar nan kamar yadda ake duban kunama a cikin takalmi. Sannan ya kau da kai ya ce, a hankali ƙwarai, "Ci abinka, yaro."

To ni an koya mini in babba ya ce ka yi abu, ka yi. Na kuma yi tunanin ya kamata ya ga 'yarsu ba ragon namiji za ta aura ba, mai tsakurar abinci kamar mara lafiya. Akwai dalili na uku, wanda na daɗe ban faɗa wa kowa ba: naman ya yi daɗi. Ban taɓa cin irinsa ba, kuma har yau ban sake ba. Gefensa ya ɗan ƙone ya yi ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa laushi, romo yana fita in ka danna. Yajin akwai citta da ƙuli-ƙuli da wani abu da Babarbare ba ya faɗa wa ko matarsa. Yanka ta farko na ci don biyayya. Daga ta biyu zuwa ƙasa, Allah ya sani, don kaina na ci.

Yaji ya buɗe mini hanci. Gumi ya karyo daga ƙarƙashin hula ya bi ta kunne. Na rasa hankici, na yi amfani da bayan hannu. Da na zo kan haƙarƙari sai na ajiye tsinke na kama da hannu biyu. A tsakanin loma da loma kuma na gabatar da jawabin da na kwana uku ina shiryawa. Na gaya masa 'yarsu ce hasken da ya keto duhun rayuwata. Na ce zuciyata gona ce da ta shekara ba ruwa sai da ta zo. Na ambaci sunanta ɓaro-ɓaro, sau huɗu, da kitse a leɓena, a gaban mutumin da yayansa ma bai taɓa faɗar sunan ba. Wata jijiya ta maƙale mini a haƙori daidai inda nake cewa zan iya mutuwa a kanta, sai da na tsaya na zaƙulo ta da farce sannan na ƙarasa mutuwar.

Ana cikin haka na ji wani ƙugi. Ba daga cikina ba ne. Dattijon nan tun asuba ya baro ruga, ya yini a kasuwa, bai sa komai a bakinsa ba don ba ya ci a kasuwa, ga shi an zaunar da shi a gaban ƙamshin da ke tsayar da tirela. Ya yi gyaran murya don ya rufe ƙarar. Ni kuwa, mai tausayi, na ƙara tura masa farantin, wanda yanzu saura albasa da ƙasusuwa da yanka biyu.

Tambaya uku ya yi mini duk zaman.

"Mahaifinka yana da rai?"

Na ce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya ce amin, ya gyaɗa kai kamar wanda aka warware wa wani abu.

"Kuna noma?"

Na ce akwai gona a hanyar Roni, amma mun ba wani yana nomawa.

"Kullum a nan kake cin abinci?"

Gaskiyar magana zuwana na biyu ke nan, na farkon ma tsire biyu na saya na ci a bayan tasha. Amma jarumi ba ya zama baƙo a wurin cin abinci.

"Kusan kullum, Baffa. Kowa ya san ni a nan."

"Ni dai yau na fara ganinsa," in ji Babarbare daga tukuba, da ƙarfi. "Wallahi bawana, yaron nan ba ɗan bakin titi ba ne, yau ce rana ta farko."

"Haba, ka manta ne," na ce ina dariya. "Mutane sun yi maka yawa."

Babarbare ya sa wuƙa ya sare wani ƙashi da bai yi masa laifin komai ba.

Baffa ya jira har na suɗe yatsu, don ba a tashi a bar mai ci. Sannan ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mun gode. Allah ya yi albarka." Na ce in kai shi tasha, ya ce ƙafarsa tana son tafiya. Ya yi wa Babarbare sallama ba tare da zagi ko ɗaya ba, abin da na lura ya dami Babarbaren fiye da komai. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya a gefen titi a miƙe kamar sandar hannunsa, ina jin daɗin yadda abin ya tafi. Bai ci ba, amma ai ya ga hidima.

"Malam," in ji Babarbare, "aikin me kake yi?"

"Koyarwa."

"Allah ya tsare yaran. Sau uku ina jefo maka igiya, kana cikin rijiya kana ce mini ruwan da sanyi."

Ban gane ba sai da na je gida. Na tarar da Yaya ta zo wuni, na ba su labari tiryan-tiryan ina jiran yabo. Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta. Yaya ta ɗora hannu biyu a ka.

"Auta, ka ci? A gabansa? Kana kallonsa?"

"Shi ya ce in ci. Kuma ai a littattafanki haka—"

"A littafi! A littafi surukin wani Alhaji ne mai kamfani a Kano, wanda ba shi da aiki sai yawo a jirgi! Ka taɓa ganin an sa baffa mai sanda a littafi? Mu ma da muke karantawa, ka ga mun suma?"

Na yi ƙoƙarin in ɗora laifin a kan fulako, na ce Fulani ne da tsananin kunya. Inna ta katse ni.

"Kar ka ɗora wa Fulani. Ubanka Bahaushe ne gaba da baya, shekara ashirin da biyu ko ruwa bai taɓa sha a gaban babana ba. In ya hango shi a hanya sai ya canza lungu. Kai kuma ka kai mutum bakin titi ka tauna masa ƙashi a fuska. Wai har da haƙarƙari?"

"Har da shi, Inna."

"Inna lillahi."

Kwana goma sha biyu ban ji komai ba. Ran na sha uku na je ƙofar gidan gwaggo, ta fito da littafina a hannu, wanda na ba ta aro ba ta gama ba. Idanunta sun yi ja, amma bakinta yana rawa kamar mai danne dariya, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

"Me Baffa ya ce?"

"Ya ce kana da lafiya. Ya ce haƙoranka duka suna nan, ya gani da idonsa, har na can ciki."

"Sai me?"

"Bai ce komai ba."

Na ce mata ba za mu yarda ba. Na ce soyayya ta gaskiya sai ta sha wuya, mu dage, ta daina cin abinci har su sauko, ni ma in daina.

"Kai?" ta ce. Sai dariyar ta ƙwace mata, hawaye suka biyo baya. "Malam, ni ba a littafi nake zaune ba, a gidan Gwaggo nake. Na ce maka ka gaishe shi ka tafi. Abu ɗaya na roƙe ka."

Ta miƙo littafin. Na ce ta riƙe ta ƙarasa. Ta ce ta san yadda zai ƙare, duk aure suke yi.

Mun yi abin da ake yi. Kawuna ya ɗauki goro ya tafi rugar ya ba da haƙuri, ya ce yarinta ce da rashin uba. Suka karɓe shi da mutunci, suka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, suka kawo masa fura da nono, wadda shi mai hankali bai sha ba sai da suka ba shi wuri. Suka ce babu komai, za su yi shawara. Har yanzu shawarar ake yi. Shekarar da ta gama karatu aka ɗaura mata aure da wani ɗan uwansu mai duba lafiyar dabbobi a wajen Yankwashi. Na kwanta kwana uku ina jiran ciwon zuciya ya kama ni a kai ni asibiti a sa mini ruwa, a aika mata ta zo da gudu. Mai kemis ya zo ya duba ni ya ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Na daɗe ban bi ta gaban wurin naman ba. Sai bayan na yi aure, maiɗakina tana da cikin fari ta ce balangun Babarbare take so ko ta mutu, sannan na koma. Ya gane ni tun kafin in kashe babur, ya sanar da duk layin cewa ga malamin da ya cinye aurensa da yaji. Tun daga ranar muka saba, nakan tsaya in saya in wuce.

Shi ya riƙa ba ni labarin Baffa. Bayan 'yan shekaru kiwon shanu ya yi wa dattijon wuya, burtali ya zama gonaki, ƙafa kuma ta fara ciwo, sai ya rage garke ya koma kiwon raguna a gida. Babarbare ya zama mai sayensu. Duk mako yana zuwa da rago ɗaya ko biyu, su yi ciniki suna zagin kakannin juna, ya tsaya daga nesa da tukuba kamar ƙamshin ba ya isa inda yake.

"Shekara tara," in ji Babarbare, "ban taɓa ganin muƙamuƙinsa ya motsa ba. Sai dai in ya juya baya in jefa masa ƙunshi a jakar da yake ratayawa. Bai taɓa cewa ya gani ba, ban taɓa cewa na sa ba. Sai mako ya zagayo ya ce, 'Babarbare, yara sun ce gishirinka ya yi yawa.' Yara! Autansa a lokacin yana da mata biyu da gemu."

Da haƙoran Baffa suka fara zubewa sai yaran suka fara ƙorafin naman ya yi tauri, Babarbare ya koma daka masa dambu. Daga baya zuwan ya gagara, 'ya'yansa suka riƙa kawo ragunan, ƙunshin yana bin su. Baffa ya rasu da damina, shekara biyu da suka wuce, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a can rugar gaba da Gwiwa. Babarbare bai hura wuta ba ranar. Ya sa babbar riga ya hau motar kasuwa ya tafi jana'iza, direbobin Daura suka yi ta tsayawa suna tarar da tukuba a sanyaye.